Ɗan'uwa Gommaar da Kofin Farko

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Ɗan'uwa Arnulf, wanda yake dafa mana giya, mu 'yan zuhudun da muka saura a gidan Ter Wilgen ba mu da yawa, kuma kusan duk furfura ta gama cinye kawunanmu. An same shi da hantsi kwance a gindin tukunyar jan ƙarfe, bakinsa ya karkace. Allah Ya bar masa ransa, amma Ya ɗauke masa magana da hannun dama, da kuma harshen nan da ya shafe rabin rayuwarsa yana ɗanɗana mana Baƙa da shi.

Baƙa ita ce giyar da muke dafawa sau ɗaya a shekara. Akwai wata 'yar fara mai sauƙi da muke sha da abincin rana, wannan ko Cyriel, ma'aikacinmu ɗan ƙauye, yana iya dafa ta ido a rufe. Baƙa dabam take. Tana da kauri da nauyi, kwalba guda tana kwantar da ƙaton manomi. Ba ma liƙa mata takarda, sai ɗigon jan kaki a kan murfi, wanda ni Trudo nake ɗigawa. Saboda ita motoci suke jeruwa a bakin ƙofarmu daga Holand da Faransa, har da mutanen da suka ƙetaro teku, su tsaya cikin yayyafi don a sayar musu da akwati ɗaya, ba a ƙarawa. Da ita muke ci, da ita ake gyara rufin majami'a, da ita gidan tsofaffi na ƙauyen yake hura wuta da hunturu. Kuma ba ta amsa sunanta sai in ɗan zuhudu ne ya tsaya a kanta, a cikin katangarmu.

Bayan 'yan kwanaki Uba Livinus ya tara mu a ɗakin shawara. Shi ne shugabanmu. Mun zaɓo shi daga wani gidan zuhudu bayan rasuwar tsohon shugaba, mutum ne mai ilimi da tsoron Allah, sai dai bai tsufa tare da mu ba. Ya yi addu'a, ya bi layin kujerunmu da kallo, sannan ya ce:

"Ɗan'uwa Gommaar, kowa ya san a gidan masu dafa giya aka haife ka. Daga yau mabuɗin ɗakin tukunya yana hannunka."

Gommaar ya miƙe, ya sunkuyar da kai kamar yadda aka saba, ya karɓi mabuɗin. 'Yan'uwa suka gyaɗa kai, sun ga zaɓin ya dace. Ni kaɗai na sunkuyar da idona ƙasa.

A wurin cin abinci kofin giyar Gommaar kullum a kife yake. Ruwa yake sha, ran aiki da ran idi. 'Yan'uwa sun ɗauka wani azumi ne ya ɗora wa kansa don Allah, kuma da shekaru suka tura labarin ya tsallake katanga. Matan ƙauye sukan ba mai tsaron ƙofa sunayen marasa lafiyarsu, su ce a kai wa ɗan'uwan nan da ba ya shan giya. Zamanin da muke samun sababbin shiga, da shi ake yi musu misali. Bai taɓa cewa haka ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba haka ba ne.

Ni garinmu ɗaya da shi, na san shi tun yana amsa sunan Remi. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gidan dafa giya mai tukunya biyu da doki da amalanke, Remi ya shanye shi kaf, tun daga gangunan har dokin. Ranar jana'izar mahaifiyarsa aka ajiye akwatin gawa a bakin majami'a ana jiran ɗanta tilo, firist yana ta duban hanya, har aka gaji aka shiga da ita. Ni aka aika nemansa. Na same shi a ɗakin ƙasa kwance cikin amansa, da baƙar rigar makoki a jikinsa, ya saka maɓallanta daidai. Bayan wasu shekaru, lokacin na riga na zama ɗan gida a nan, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Tsohon shugaba ya ji komai daga bakinsa, ya ce masa ya kife kofinsa kada ya yi wa kowa bayani. Ya rasu da maganar a cikinsa.

A dokar gidanmu, ranar da mutum ya sa rigar zuhudu ana canja masa suna, abin da ya aikata a duniya kuma a bar shi a waje. Wanda ya sani ba ya faɗa. Mai shi ne kaɗai yake da ikon buɗe bakinsa a kai. Akwai kuma wata dokar. In shugaba ya ɗora wa ɗan'uwa aikin da yake ganin ya fi ƙarfinsa, yana da damar ya same shi a keɓe ya faɗi uzurinsa, cikin ladabi, sau ɗaya. In shugaba ya saurara ya ce duk da haka a yi, magana ta ƙare, ba a komawa. Magabatanmu sun kafa wannan ne don kada gida ya zama kasuwar ƙorafi, kuma na ga amfaninta sau da yawa.

Kashegari na sauka ɗakin tukunya da kaskon kakina. Dokar shiru muke bi a gidan, amma a can an yarda a yi magana, domin aikin ba ya yiwuwa da alamun hannu kaɗai. Na tarar da Gommaar zaune a kan buhun sha'ir.

"Ka je wurin Uba?" na tambaye shi.

"Na je."

"Me ka ce masa?"

"Na ce masa na daɗe ban sa giya a bakina ba, kuma ina roƙon a bar ni a kan haka."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Remi!" Sunan ya fito mini ban shirya ba. "Ƙofa ɗaya aka buɗe maka, ka je ka tsaya a bakinta kana gaisuwa?"

"Na buɗe baki, Trudo. Allah Ya sani na buɗe. Sai na ga yadda yake kallona. Ka san kallon, irin wanda ake yi wa hoton waliyyi a bango. Sai harshena ya ɗauko wata maganar."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce azumin da mutum ya zaɓar wa kansa abu ne mai kyau, amma in ya daɗe yakan koma gado mai laushi. Ya ce in ajiye nawa in ɗauki biyayya. Ya ce ranar idi zan sha kofin farko, kamar kowane mai dafawa kafin ni."

Kofin farko tsohuwar al'ada ce a Ter Wilgen. Ranar idin waliyyin gidan, a ƙarshen kaka, shugaba yakan fasa kakin kwalbar Baƙa ta shekarar a gaban 'yan'uwa da baƙi, ya tsiyaya, ya sa albarka, ya miƙa wa mai dafawa. Mai dafawa ya shanye har ƙasa, ya ce, "Ta yi." Sai a buga ƙararrawa a buɗe wa masu jira ƙofa. Ma'anarta ita ce ba ma miƙa wa baƙo abin da mu ba mu fara sha ba.

"Kofi ɗaya ne," na ce, ban kuma san dalilin da ya sa na faɗa ba.

Ya ɗago ya dube ni. "Kai da ka ɗauko ni daga ƙasa, kai ne kake ce mini ɗaya ne?"

Aka shiga aiki. A nan na ga abin da Allah Ya zuba a jikin mutumin nan tun yana yaro. Yakan tauna ƙwayar tsiron sha'ir ya san daga wace gona ta fito. Yakan murza furen hop, mai ba giya ɗaci, a tafin hannu, ya sunsuna, ya mayar da buhu guda. Duk wannan ba komai, domin kafin yisti ya shiga tukunya abin da yake ciki ruwan zaƙi ne kawai. Wahala ta fara ne da aka juye shi a manyan randuna na ɗakin ƙasa, kumfa ta taso, ɗakin ya cika da ƙamshin da ya gudu ya bari tun yana saurayi. Ƙamshin ya kama rigarsa, ya bi shi majami'a, ya bi shi ɗakin kwanansa. Kujerarsa tana kusa da tawa a wurin waƙar yabo, na riƙa jin muryarsa tana yankewa a tsakiyar baiti, leɓunansa suna motsi babu sauti.

Da lokacin zubawa a kwalba ya matso, dole a ɗanɗana, domin da ɗanɗano ake sanin ko ta nuna, da kuma yawan sukarin da za a ƙara mata ta ci gaba da aiki a cikin kwalba. In ya yi kaɗan ta mutu, in ya yi yawa kwalabe su fashe. Cyriel ya ɗebo a ƙaramin kofi ya miƙa masa.

"Bismilla, Ɗan'uwa. Yau dai azumi ya karye."

Gommaar ya karɓa, ya ɗaga ta wajen haske, ya kai hanci. "In na kurkure baki na tofar fa?"

Cyriel ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Ka tofar? Baƙa? Ai ba ruwan inabi ba ne da 'yan gayun Faransa suke wasa da shi a baki su zubar a kwano. Ɗacinta a maƙogwaro yake zaune, can ƙasa. In ba ka haɗiye ba, ba ku gaisa ba. Kai ɗan gidan giya ne, ni zan koya maka?"

"Na sani," in ji Gommaar a hankali. Ya juyo ya miƙo mini kofin. "Trudo, ara mini harshenka."

Na kurɓa na haɗiye. "Da daɗi," na ce.

"Da daɗi!" Cyriel ya ɗaga hannuwa sama. "Tun da na san Ɗan'uwa Trudo, ko ruwan wanke tukunya aka ba shi, da daɗi zai ce. Miyar da aka ƙona ran Juma'a ma ya nemi ƙari. Wannan ba harshe ba ne, tafin takalmi ne."

"Kai naka fa?" na ce. "Taba ta gama jeme shi."

"Nawa ko ya jemu ya san giya da ruwan kwata. Matata ce shaida."

Gommaar bai yi dariya ba. Ya matso kusa da ni yana tambaya ɗaya bayan ɗaya. Zaƙin ne ya fara zuwa ko ɗacin? Bayan na haɗiye me ya rage, busasshen ɓaure ko ɓawon burodi? Ƙirjina ya ɗumama nan take, ko sai da na yi numfashi? Na amsa iyakar iyawata. Daga ƙarshe ya ce in fitar da numfashi, ya kawo hancinsa daf da bakina, ya rufe ido. Ya daɗe a haka fiye da yadda aikin yake bukata. Da ya buɗe ido, kofin da ke hannuna yake kallo.

Haka muka yi ta yi har aka zuba ta a kwalba, da hancinsa da harshena da surutun Cyriel. Wata rana da la'asar, Cyriel ya fita karɓar kaya, wata kwalba ta tumbatsa a hannun Gommaar, kumfa ta gangaro ta bayan hannunsa har wuyan hannu. Ya tsaya cik. Ya miƙar da hannun nesa da jikinsa, ya juya fuskarsa wajen bango. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin giya ya san abin da hannu yake yi da kansa a irin wannan lokaci, baki yake nufa.

"Trudo," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Zo."

Na ajiye kasko na zo, na goge hannun da gefen rigata, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, na ja shi wurin famfo na wanke masa kamar yaro. Da na gama ya zauna a kan matakala.

"Jiya na je har bakin babbar ƙofa," ya ce. "Mai tsaro yana barci. Sakata kawai zan zare."

"Ka je ina?"

"Shi ne ai. A tsallaken titi shagon giya ne. Nan ciki giya, can waje giya. Kuma na yi wa Allah alkawari a gaban bagade cewa a gidan nan zan mutu, har na san ramin da zai zama nawa, kusa da itacen tuffa." Ya shafa fuska. "In na ƙi kofin, na karya biyayya a gaban baƙi. In na sha, ka san wanda zai tashi daga teburin nan."

Ban iya barin abin haka ba. Da safe bayan addu'a na nemi ganin Uba Livinus. Ya ba ni kujera.

"Uba, game da Ɗan'uwa Gommaar ne."

"Shi ya aiko ka?"

"A'a, Uba."

"Abin da ka zo da shi, na bayan riga ne ko na kafin riga?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira ni da haƙuri, bai matsa ba.

"To ka san doka, Ɗan'uwa, ka riga ni saninta," ya ce. Sannan ya sassauta murya. "Na ga yana shan wahala, kada ka ɗauka ban gani ba. Amma ina jin tsoro a kansa. Mutum ya daɗe ana nuna shi da yatsa ana cewa ga mai tsarki, mata suna aiko masa da sunaye. Wannan guba ce da ta fi kowace giya. Ya zo wurina yana kare azuminsa kamar yadda mai dukiya yake kare akwatinsa. In ban raba shi da shi ba, ranar hisabi ni za a tambaya."

Na fito ina mamakin yadda mutum zai yi kuskure saboda tsananin ƙauna da tsananin ilimi, kuma duk da haka a sami gaskiya a cikin kuskurensa.

Ko Cyriel ya lura mutumin yana ramewa. Ana saura kaɗan idi, muna ɗiga kaki, ya duba hagu da dama ya rage murya.

"Ɗan'uwa, ni ban san abin da ke tsakaninka da Allah ba, ba kuma ruwana. Amma in azumin nan ne yake cin ka haka, ga dabara. Baƙar gahawa mai sanyi, in ɗora mata kumfa a sama. Daga nesa ko uwar da ta haifi giya ba za ta gane ba. Ka shanye, ka ce ta yi, kowa ya huta."

Na zaci Gommaar zai tsawata masa. Bai yi ba. Ya tsaya da kwalba a hannu yana tunani, na ga fuskarsa ta saki a karon farko tun da ya karɓi mabuɗin. Ni ne na ce:

"Uba ne yake zaɓar kwalba daga akwati da hannunsa, shi yake fasa kakin, shi yake tsiyayawa."

"Au, haka ne fa," in ji Cyriel. Ya sosa ƙeya. "Ku dai 'yan zuhudu, ko ɓera ba ku bar wa rami ba."

Ranar idi ta zo da ruwan sama. Tun muna majami'a muke jin ƙarar motoci a waje, layin ya kai har gonakin dankali. Bayan sujada aka shiga ɗakin cin abinci. An shimfiɗa fararen mayafai a kan tebura, an jera burodi da cuku. Baƙinmu na kowace shekara suna nan, dagacin ƙauye da shugabar gidan tsofaffi da manoman da suke kawo mana sha'ir tare da matansu. An turo Ɗan'uwa Arnulf a keken guragu, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Cyriel yana tsaye a bakin ƙofa cikin kwat ɗin aurensa da ta yi masa kaɗan.

Uba Livinus ya zaɓi kwalba, ya fasa kakin, ya tsiyaya a babban kofin gilashi mai ƙafa. Ta sauka baƙa ƙirin, kumfarta kamar kirim. Ya yi addu'a a kanta, ya roƙi Ubangiji Ya sa ta zama ƙarfi ga mai gajiya kada ta zama tuntuɓe ga kowa. Muka ce amin. Ya miƙa kofin da hannu biyu.

Gommaar ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga shi har ƙirji, sannan har haɓa. Ina gefensa, ina ganin maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Bakin gilashin ya kusa taɓa leɓensa. Na rufe ido na roƙi Allah, ban ma san abin da nake roƙa ba.

Sai na ji ƙarar gwiwoyi a kan dutsen daɓe. Na buɗe ido na gan shi durƙushe a gaban shugaba, kofin yana hannunsa, ko ɗigo bai zube ba.

"Uba, na san na riga na ci damata, ba na neman a sake saurarata a keɓe. A gaban kowa zan faɗa." Ya ɗago kai. "Ba azumi nake yi ba. Ban taɓa yi ba. Ni mashayi ne. Na shanye gidan mahaifina, aka binne mahaifiyata ina kwance a buge. Ruwan da nake sha tsoro ne, ba ibada ba. Na bar ku kuna yabona domin yabon ya yi mini daɗi. In ka ce in sha, zan sha, domin na yi alkawarin biyayya. Amma ka sani, in na sha wannan, gobe a ɗakin ƙasa za ku same ni, kuma ban san ranar da zan fito ba."

Ruwa yana ta dukan tagogi. Wata daga cikin matan manoma, wadda na san ta sha aiko da sunan mijinta, ta kai hannu ta rufe bakinta. Dagaci ya dubi farantinsa. Fuskar Uba Livinus ta yi fari, sannan ta yi ja. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke durƙushe a gabansa, kuma na tabbata yana maimaita wa kansa duk maganar da ya yi masa game da gado mai laushi.

Ya sunkuya ya karɓi kofin daga hannunsa.

"Hancinka me ya ce, Ɗan'uwa?"

"Ta yi, Uba."

Uba Livinus ba mashayin kirki ba ne, ko 'yar farar ma rabi yake sha. Ya kafa kai ya shanye har ƙasa, ya yi tari, idanunsa suka kawo ruwa. Arnulf ya buga hannun kekensa da hannunsa mai lafiya. Aka buga ƙararrawa, aka zare sakata, muka ji motoci sun fara shigowa.

Ba a yi doguwar hira a teburin ba. Baƙi suka ci suka watse da wuri. Da muke kwashe faranti Cyriel ya zo kusa da Gommaar, ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Da ka gaya mini tun farko, ai da ban riƙa kaɗa maka ita a hanci ba. Ni ma kawuna haka ya ƙare, a cikin kwata." Ya yi gyaran murya. "Amma fa ka iya dafa ta, ja'irin tsoho. Ta fi ta bara, kada dai Ɗan'uwa Arnulf ya ji."

Da la'asar shugaba ya kira Gommaar, ya ce ni ma in shigo. Ya miƙe tsaye ya nemi gafararsa, ya ce ya ga girman kai inda ya kamata ya ga rauni. Gommaar ya ce duka biyun suna nan. Sannan Uba ya zauna, ya haɗa hannuwansa a kan tebur, ya ci gaba.

"Kofin na ɗauke maka shi har abada. Ni zan riƙa sha, da wanda zai gaje ni. Amma mabuɗin ba ni da wanda zan ba. Na bi ku ɗaya bayan ɗaya a raina. Wani ba ya gani, wani ba ya iya sauka matakala, Ɗan'uwa Trudo kuwa an ba ni labarin harshensa. In babu ɗan zuhudu a kan tukunya babu Baƙa, kuma ka san mutanen da suke jin ɗumi saboda ita."

"Har yaushe, Uba?"

"Har Allah Ya aiko mana da wani."

Dukanmu mun san shekarun da aka yi babu saurayin da ya ƙwanƙwasa ƙofar nan da nufin zama. Gommaar ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To, Uba."

Da safiyar Litinin motar sha'ir ta iso, lokacin dafa 'yar fara ya yi. Bayan addu'a na same shi tsaye a bakin ɗakin tukunya, mabuɗi a cikin kwado, bai murɗa ba. Ta ƙarƙashin ƙofar ƙamshin yana fitowa.

"Trudo," ya ce, bai juyo ba. "Ka roƙi Uba ya mayar da aikinka duka nan ƙasa. Kada a bar ni ni kaɗai a ciki, ko na ɗan lokaci."

"Na riga na roƙa. Ya yarda."

Ya murɗa mabuɗin. Na dafa bango da hannu ɗaya, na riƙe gwiwar hannunsa da ɗayan, muka fara sauka.